Wuni Ɗaya a Wusasa: Tsohuwar Majami'a, Kufena, Birnin Zazzau, Turunku ko Kajuru?

Wanda ya sauka a Wusasa, ko biki ya kawo shi, ko dubiya a asibitin mishan, ko kuwa hanya ce ta biyo da shi ta Ɗan Magaji, yana zaune ne tsakanin wuraren gani guda biyar da ba su yi kama da juna ba. Akwai tsohuwar majami'ar ƙasa a cikin garin kanta. Akwai dutsen Kufena da kufan da ke gindinsa, ana hango shi daga ƙofar gida. Akwai birnin Zazzau da ganuwarsa da fadarsa da masallacin da magini Babban Gwani ya gina. Sai Turunku can kudu, inda aka ce gidan sarautar ya taso. Sai kuma ginin duwatsun nan na Kajuru da hotunansa suka cika Instagram. Wuni ɗaya ba ya ɗaukar duka biyar. Wanda ya nace sai ya haɗa su, a cikin mota ranarsa za ta ƙare.

Tambayar da ke raba gardama ita ce: gini kake so ka gani a tsaye, da rufinsa da ƙofarsa, ko kuwa kana da haƙurin tsayawa gaban tudun ƙasa har ka gane cewa katanga ce a da? Majami'ar da masallacin da fada na rukunin farko ne, ko yaro ya shiga ya san ya ga wani abu. Kufena da Turunku da mafi yawan ganuwar Zariya na rukuni na biyu ne, kuma su ne mutane suka fi dawowa daga gare su suna cewa ba su ga komai ba sai dutse da ciyawa. Kajuru kuwa harkarsa daban, za a zo kansa.

Majami'ar Wusasa

Ita ce mafi kusa, mafi sauƙin zuwa, kuma ita aka fi tsallakewa. A shekarar 1900 ayarin 'yan mishan na Angilika ƙarƙashin Bishof Tugwell, har da Likita Walter Miller, ya isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Suka yada zango a Girku, a ƙasar Zazzau. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Miller ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, wajen Durumin Maigarke, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai taɓa kwanta wa masarauta da gwamnatin Turawa a rai ba, ga kuma ƙuncin wuri, don haka a 1929 aka kwashe komai aka fita bayan ganuwa zuwa Wusasa. A lokacin ne aka gina majami'ar Saint Bartholomew. Bayan shekara uku, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikin da Miller ya daɗe a kansa. A garin nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, a makarantar mishan ɗin ya fara karatu.

Amma ba don sunaye za ka je ba, don ginin za ka je. Ba a ɗauko fasalin cocin Ingila aka dasa ba. Maginan ƙasa aka kira suka yi abin da suka gada. Tubalin da suke aiki da shi ba mai kusurwa huɗu ba ne irin na bulo. Curi ne mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Dafa shi da tsakar rana ka ji sanyinsa; kaurin nan ne ke hana zafi shiga sai can dare.

Sannan ɗaga kai. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma in ta wuce kamar mita biyu babu abin tallafi sai ta lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki taron masu sujada? Amsar magina ita ce bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango ta leƙo ciki kaɗan, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, a shafe da ƙasa, a jira ta bushe, a ƙara wata, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a sama. Abin da ido ke gani baka ne na ƙasa mai santsi. Ƙashinsa kuwa itace ne. Wanda ya gane wannan a Wusasa da safe, in ya shiga masallacin birni da rana zai gane abin da yake kallo ba sai an yi masa bayani ba, kuma wannan shi ne babban dalilin haɗa wuraren biyu a rana ɗaya.

Minti arba'in zuwa awa ɗaya sun isa. Inda ake tuntuɓe shi ne maƙulli. Tsohon ginin ba kanti ba ne da ke buɗe daga safe zuwa yamma, sai an nemi izini a ofishin coci an haɗa ka da wanda zai buɗe. In ka iso ƙarfe ɗaya na rana ba tare da ka aika tun jiya ba, mai yiwuwa bango kawai za ka zagaya. Lahadi da safe akwai mutane, akwai waƙoƙin sujada da Hausa, amma ba lokacin yawo da kyamara ba ne, kuma babu mai sukunin zagayawa da kai. Ranakun aiki tsakanin tara da sha ɗaya sun fi. Musulmi ba shi da abin ɗari-ɗari a nan: Wusasa gari ne da ake samun Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya, kuma baƙon da ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi an saba da irinsa. Kada a jingina da bango, kada yara su ƙwaƙuli yaɓe, kuma in akwai akwatin gudummawar gyara, ginin ƙasa kullum cikin neman gyara yake.

Birni: masallaci, fada, ganuwa

Daga Wusasa zuwa cikin birni tafiyar 'yan mintoci ce a Keke ko acaɓa. Abu uku ne a wurin, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Masallacin Juma'a da ke daura da fada shi ne kan gaba, ba a Zariya kaɗai ba. An gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Har yau akwai unguwa da sunansa a birni. Shi ake jingina wa gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci, kuma akwai hikayar da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Hikaya ce, amma tana nuna yadda ake ganin hannunsa.

Ga abin da ke ruɗa baƙo: in ka tsaya a filin fada ba za ka ga masallacin ƙasa ba. A shekarun 1970 an tayar da sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon, wasu sassa na tsohuwar harabar kuma suka tafi a aikin. Mutane da dama kan ɗauki hoton waje su wuce, suna zaton an rushe na da. Yana ciki. Ginshiƙai masu kauri, kowanne da zanen da aka tono a jikin ƙasar tun tana ɗanya, layi-layi da kusurwa-kusurwa. Bakan gizo na fita daga kowane ginshiƙi ta fuskoki da yawa suna sarƙewa a sama ƙarƙashin rufin tuluwa. A tsakaninsu azara a jere kamar saƙar tabarma. Idan na Wusasa ya nuna maka yadda ake yin bakan gizo, wannan zai nuna maka iyakar abin da za a iya yi da shi. Masu son gine-gine suna da ƙorafi kan rigar simintin, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin ta ɓoye surar ginin ta waje gaba ɗaya. Sai dai ita ce ta tare masa ruwan sama shekara da shekaru.

Masallaci ne da ake salla a cikinsa, ba gidan tarihi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, ko tsakanin azahar da la'asar bayan an watse. A nemi ladan ko masu kula da wurin, a tambaya kafin a ɗaga waya. Mata da waɗanda ba Musulmi ba su nemi izini tun daga waje, kuma su shirya jin a'a ba tare da ɓacin rai ba. Wanda bai samu shiga ba, akwai kwaikwayon masallacin da aka gina da ƙasa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ranar Juma'a kuwa sai ka zaɓa: in fitowar Sarki da dogarai da algaita kake so, ranar ce, in ginshiƙai kake so ka ƙare wa kallo, ba ranar ba ce sam.

Fada ita ce hoton da kowa ke komawa da shi gida, saboda ƙofar nan mai zane kala-kala. A sani dai yawancin abin da ake gani daga waje aikin zamani ne da siminti da fenti bisa salon gargajiya. Abin da ke ba ta nauyi shi ne gida ne mai rai. Tun da Malam Musa, mai tutar jihadi, ya karɓi birnin a farkon ƙarni na 19, Sarkin Haɓe Makau ya yi kudu, 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta farko wadda yau ake kira Suleja, gidaje huɗu ne ke sarautar Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarki Shehu Idris ya riƙe ta daga 1975 zuwa 2020, sannan Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa ya hau. Shiga ciki sai da izini ta hannun dogarai ko ofishin masarauta. Ayarin ɗalibai su rubuta takarda tun da sauran kwanaki. A cire takalmi inda aka ga ana cirewa, a rage murya. Wanda tafiyarsa ta dace da Salla zai ga hawa, da Hawan Bariki da Hawan Daushe, amma ya manta da zancen shiga ko'ina cikin natsuwa a waɗannan kwanaki.

Ganuwa ce ta uku, kuma a nan ya kamata a rage buri. Kewayenta ya kai kimanin kilomita 15, tana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, amma ba katanga ce a tsaye da za ka bi gefenta ka zagaye ba. Ƙofofin da aka sani, irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da Ƙofar Kibo, galibi an sake su da siminti, sunan ne tsoho. Ganuwar kanta ruwa ya zaizaye ta, masu gini sun ɗebi ƙasarta, gidaje sun hau kanta. Inda ta yi nisa da kwalta da sababbin unguwanni ne take da sauran jiki: dogon tudu ja mai bin layi ɗaya, da gwalalo a bayansa inda aka haƙi ƙasar. Kada ka ware mata rabin wuni. Ka sa mai Keke ya bi da kai ƙofa biyu ko uku, ka sauka inda tudun ya fi tsayi. A hanya ka riƙa duban fuskokin tsofaffin zaurukan unguwanni, da zankayensu da zanen dagi, da manyan itatuwan rimi da aka san Zariya da su. Sau da yawa waɗannan sun fi ganuwar biyan kuɗin mota.

Kufena

Dutse ne guda, curin ƙaton falalen dutse da ya taso daga fili a yamma da birni, kusa da Wusasa har ana iya zuwa gindinsa a ƙafa, kodayake acaɓa ya fi don a adana ƙarfin hawa. Labarin gargajiya ya ce daga Turunku aka dawo Kufena, daga Kufena aka koma inda birnin yake yanzu, ana danganta wannan da Bakwa Turunku, mai sarautar Zazzau a wajajen 1536. Masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abdullahi Smith, sun daɗe da nuna cewa manyan biranen Hausa a gindin irin waɗannan duwatsu suka tsiro, Dala a Kano, Kwatarkwashi a Zamfara, Kufena da Turunku a Zazzau. Dalilan a fili suke in ka tsaya a wurin: ruwan da ke gangarowa daga dutse yana sa ƙasar gindinsa ta yi albarka, akwai mafaka in mahara sun zo, akwai tama a kewaye, ga kuma imanin mutanen da cewa iskoki a kan duwatsu suke zaune. A shekarun 1970 wani masanin kufai, John Sutton, ya bi sawun katangun Kufena da na Zariya ya auna su, aka ga ba ganuwa ɗaya ba ce, zamani-zamani ne aka yi ta ƙarawa.

To me za ka gani da idonka? Layukan tudu a cikin gonaki waɗanda ragowar katanga ce. Tsingaro a ƙasa bayan an yi huɗa. Ramuka masu santsi a jikin falalen dutse inda aka yi ta niƙa. Wani lokaci baƙin dunƙule mai nauyi da ƙuraje, wato kashin maƙera, shaidar an narka tama a wajen. Babu allo mai bayani a kowace kusurwa, babu mai sayar da tikiti da zai nuna maka. Shi ya sa da ɗan gari akan ci gari: manomin da ke noma gindin dutsen ya san inda garmarsa ke karo da tsohuwar katanga fiye da kowa. A nemi ɗan rakiya ta hannun mai unguwa, a yi ciniki kafin a tashi. Abin da aka gani a bar shi inda yake. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana kwasa, kuma tsingaron da aka ɗauke daga wurinsa ya zama fasasshen kasko kawai, ba ya ƙara gaya wa kowa komai.

Hawan ba ya kai awa ɗaya ga mai lafiya, amma ba matakala, ba abin riƙewa. A fara kafin bakwai na safe, a sauko kafin goma, domin falalen dutse na ɗaukar zafi da wuri, a watan Maris da Afrilu har tafin hannu ba ya iya dafa shi. Kowane mutum ya riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi. Takalmi mai ƙasan roba da igiya. Silifas da takalmin fata mai santsi su ne ke kayar da mutane, kuma a saukowa ake faɗuwa, ba a hawa ba, saboda gwiwa ta gaji kuma nauyin jiki na tura mutum gaba. A sauko a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen layukan da ke jikin dutsen hanyar ruwa ce, gansakuka ke kansu, ko da sun yi kamar sun bushe a kauce musu. In an yi ruwa da dare a fasa hawan safe. In hadari ya haɗo kana sama, sauka nan take, ƙololuwar dutse ba wurin jiran tsawa ba ne. Kada a zura hannu cikin tsaguwa, kada a jefi kogo da dutse: maciji da zuma duk suna nan.

Lokacin shekara yana canza abin da za ka samu, kuma a nan dole a zaɓi ɗaya. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba, daga sama za ka ga birni da hasumiyoyinsa da layin rimi, ka hangi wajen Samaru. Amma ciyawa da dawa sun rufe kufan. Fabrairu zuwa Maris an girbe, an ƙone, dabbobi sun kiwace, layin katanga ya fito sarai musamman da sassafe lokacin da inuwa ke kwance, sai dai hazo kan rufe nesa. Mai son hoto ya zo da kaka. Mai son kufai ya zo da rani. Agusta, tsakiyar damina, ba na kowa ba ne.

Wani gargaɗi da ba a cika yi ba: Zariya gari ne na barikokin soja da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Tayar da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga kan Kufena ba tare da izini ba neman magana ne.

Turunku

Tana ƙaramar hukumar Igabi, kimanin kilomita 40 kudu da Zariya, a gabas da babban titin Kaduna. Sunanta ya fi abin da ya rage a cikinta girma, kuma wannan ba raini ba ne. Duwatsu ne da ragowar katangu masu faɗin kewaye, da wuraren da mutanen gari ke nunawa suna danganta su da Bakwa da Sarauniya Amina. A saurara da ladabi, amma a san cewa ko zamanin Amina ba a daidaita a kansa ba: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma sun kawo ta ƙarni na 16. Duk wata tsohuwar katanga a ƙasar Hausa ana iya ce mata ganuwar Amina, don haka sunan kaɗai ba hujja ba ne.

Idan aka auna ta da Kufena, iri ɗaya ne na kallo, dutse da tudu da tsingaro, sai dai Turunku ta fi faɗi, ta fi nisa da hayaniyar gari, kuma tana cin wuni guda cur: zuwa, gaisuwa a gidan hakimi ko dagaci, neman ɗan rakiya, zagayawa a ƙafa, dawowa kafin la'asar sakaliya. Gaisuwar nan ba a tsallake ta. Baƙon da aka gani yana yawo a bayan gari da kyamara ba wanda ya san da zuwansa, a yanayin da ake ciki, zai sha tambayoyi. Akwai Turunku Sabuwa da Tsohuwa, a faɗa wa direba wadda ake nufi tun a tasha. Wanda bai taɓa hawa Kufena ba, bai kamata ya fara da Turunku ba. Wanda ya hau Kufena ya ji ransa na son ƙari, shi ne mutumin Turunku.

Kajuru

A faɗi gaskiya: ba wurin tarihi ba ne. Wani Bajamushe mazaunin Kaduna ne ya gina shi a shekarun 1980 a kan dutse, da siffar gidajen sarakunan yaƙin Turai na da, da hasumiyoyi da kurkukun ƙasa da wurin ninƙaya. Ginin dutse ne mai kauri, yana da kyau a hoto, kuma ba shi da alaƙa da tarihin Adara, mutanen yankin, ko na Zazzau. Yana kimanin kilomita 45 kudu maso gabas da Kaduna, ita kuma Kaduna kimanin kilomita 80 ce daga Zariya, ka ga zuwa da dawowa ya haura kilomita 240. Wuri ne mai zaman kansa, sai an yi magana an biya kafin a je, ba a faɗo masa haka kawai. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin, mutum biyu suka rasu. Mai zaune a Kaduna da ke son wurin shaƙatawa da abokai yana iya auna shi da ma'auninsa. Mai zaune a Wusasa da wuni ɗaya a hannu ba shi da dalilin zuwa.

Maganar tsaro ba ta tsaya a Kajuru ba. Ƙauyukan Igabi da gefen Zariya ta yamma da kudu duk sun ga satar mutane a shekarun nan, kuma hali na canzawa daga wata zuwa wata. Labarin bara ba ya amfani. A tambayi direbobin tasha da mutanen unguwa a ranar da za a tafi, a fita da rana a dawo da rana, kada a sanar da inda za a je a Facebook sai an dawo. Ta wannan fuska majami'a da birni sun fi kowanne kwanciyar hankali, Kufena na biye da su in da safe ne kuma cikin ayari, Turunku da Kajuru sai an bincika sosai.

Wa zai je ina

Mai tafiya da dattijo ko mai ciwon gwiwa ya tsaya kan majami'a da masallaci da ƙofar fada. Duka a ƙasa suke, mota na kaiwa bakin ƙofa, akwai inuwa. Mai yara 'yan ƙasa da shekara goma haka, ya ƙara da zuwa gindin Kufena ba tare da hawa ba. Malamin da zai kai 'yan makaranta ya fi samun abin koyarwa a haɗin majami'a da masallaci, domin darasi ɗaya ne a gini biyu, tsakaninsu kusan shekara casa'in. In zai hau da su dutse, babba ɗaya ga yara takwas, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a ƙirga kai a sama a sake ƙirgawa a ƙasa. Ɗalibin gine-gine ya ƙara kwana, ya nemi tsohon masallacin Haɓe na Maigana a ƙaramar hukumar Soba, kan hanyar Jos, wanda shi ma yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ya kuma riƙa duban indararo a duk ginin ƙasa da ya shiga: in ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, ya jiƙa kan azara, gara ta samu hanya, shekara biyu uku rufin ya zauna. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa ma yaudara ne, yana riƙe damshi a ciki har ranar da zai ɓanɓaro da rabin bangon. Makuba da katsi da magina ke shafawa a da suna barin bango ya yi numfashi, illarsu sai an sabunta su a kai a kai.

Ga mai lafiya da ke da cikakken wuni ɗaya, ba Juma'a ba, ba Lahadi ba, jerin da ya fi tafiya daidai shi ne a bi rana. Ƙarfe shida da rabi a gindin Kufena, tara da rabi an sauko. A wanke ƙafa, a karya, goma da rabi a majami'a, wadda aka riga aka yi maganar maƙullinta tun jiya. Zafin tsakar rana a huta, ko a yi azahar a birni. Bayan an watse daga salla a nemi shiga tsohon masallaci, daga nan a tsallaka filin fada. La'asar ta yi, rana ta karkata, jan ganuwa ya fito: a ɗauki Keke ɗaya a yi shatarsa na awa guda, ta Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Gayan, a ce ya tsaya duk inda tudun ya yi tsayi. Kuɗin shatar a gama shi kafin a hau, a kuma faɗa masa tun farko cewa za a riƙa tsayawa, in ba haka ba a tsayuwa ta uku za a fara gardama.